Tsohuwar Kwamfuta: A Fasa Ko A Sayar?

'Yar'uwa, yau tambaya na zo miki da ita: shin ya halatta mutum ya sa guduma ya fasa abin da yake da sauran amfani, alhali addininmu ya hana almubazzaranci?

Abin da ya jawo tambayar shi ne, kwanaki wata ƙawata a Unguwar Sarki ta share ɗakin ajiya, ta tattara tsohuwar kwamfutar maigidanta za ta miƙa wa mai jari-bola. Na ce mata me ke ciki? Ta ce ai an goge komai. A cikinta kuwa aka taɓa ajiye hotunan bikin ƙanwarta, mata zalla babu lulluɓi, da lissafin shagon maigidan, da sunayen zawarawa da marayun da ƙungiyarsu ta tallafa wa, har da lambobin asusunsu na banki.

To, ki sani, gogewar da muka saba yi ba gogewa ba ce. A cikin kwamfuta akwai faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis. Idan kika goge hoto, kamar malama ce ta cire sunan ɗaliba daga rajista, amma yarinyar tana nan zaune a aji. Hoton yana nan har sai an rubuta wani abu a kan gurbinsa, kuma akwai manhajojin da ke dawo da shi. A shekarar 2003, wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun bayyana binciken da suka yi kan tsofaffin faifai 158 da suka saya a hannun 'yan gwanjo. Sun tarar da lambobin katin banki sama da 5,000, da bayanan marasa lafiya, da wasiƙun sirri na mutane. Kayan da muke fitarwa daga gidajenmu kuwa, hannu zuwa hannu suke bi har su kai kasuwa irin Panteka, ba ki san wa zai buɗe su ba.

Mai cewa fasawa ɓarna ce tana da hujjarta. Suratul Isra'i ta yi kashedi mai tsanani a kan almubazzaranci, kuma wani ɗan maƙwabta zai iya karatu da kwamfutar nan. Amma ki tuna ƙissar Annabi Musa (AS) da Halliru a Suratul Kahfi. Bawan Allah nan ya huda jirgin talakawa, a zahiri ɓarna ce, a haƙiƙa kuwa ceto ne daga sarki mai ƙwacen jirage. Haka Sayyidina Usman (RA), bayan ya tattara al'umma a kan mushafi guda, ya sa aka ƙone sauran rubuce-rubucen don toshe ƙofar saɓani. Almubazzaranci shi ne salwantar da dukiya ba bisa haƙƙi ba. Wanda ya lalata ƙaramin abu don ya tsare babba bai shiga ciki ba.

Sannan akwai abin da muke mantawa. Ƙarfen naki ne, amma sirrin da ke cikinsa ba naki ba ne ke kaɗai. Matar da ta cire mayafi a gabanki ranar kamu, ke ta amince wa, ba ta amince wa mai gyara a kasuwa ba. Bazawarar da ta faɗi halin da take ciki don a taimaka mata, amana ta ba ku. Ko hukuma ta gane haka, domin a watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya. Mu kuwa tun kafin doka an umarce mu da suturta 'yan'uwanmu.

Me za a yi ke nan? Da farko a kwashe abin da ke da haƙƙin wani a ciki, kamar rubutun bashi da takardun gado da na fili, don kar garin rufe asiri a tauye haƙƙi. Idan kwamfutar tana aiki kuma ana son kyautar da ita, a cire faifan a sa mata sabo, ko a samu amintaccen masani ya shafe shi gaba ɗaya a gabanki. Idan ta mutu, a kwance faifan, maigida ya kai a huda shi wuri uku ko huɗu, ko a farfasa farantin da ke cikinsa. Memorin waya da filashi kuwa a kakkarya su. Kada a ƙona, hayaƙin guba ne, kada kuma a doki batirin waya, yana iya kamawa da wuta. Sauran ƙarfen sai a sayar, kin ga ba a yi asarar komai ba sai ɗan faifan nan.

Ƙawata dai ta fasa nata, ta karɓi kuɗin ƙarfenta. Ke ma ki leƙa durowarki yau, ki ga tsofaffin wayoyi nawa ke kwance, da sirrin mutum nawa a cikinsu.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.