MAI SHAGO DA ƊAN DAUDU: WA YA BA KA IZININ WULAƘANTA SHI?



Wani ɗan kasuwa mai shagon atamfa da leshi ya tare ni bayan sallar La'asar. Ya ce wani saurayi mai lanƙwasa murya irin ta mata ya shigo shagonsa yana ɗaga turmi yana tambayar kuɗi. Yaran shago suka fara shewa, ɗaya ya ciro waya yana ɗaukarsa. Saurayin ya ajiye turmin ya fita. Tambayarsa: Malam, da na sayar masa, ina da laifi?

Na ce masa, ka tambayi abin da bai faru ba, ka bar wanda ya faru a gabanka.

Mu fara da cinikin. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Sayyidina Umar rigar alharini, alhali an hana maza sa alharini. Da Umar ya yi mamaki, sai ya bayyana masa cewa ba don ya sa ya ba shi ba. Umar ya aika wa ɗan'uwansa a Makka. Ashe mallakar tufa daban, sa ta daban. Ka je Kantin Kwari ka gani, maza nawa ne ke sayen kayan lefe kullum? Wa ke tsare su da tambayar wa za a ɗinka wa? Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi, gaskiya ne. Amma sani suka ce. Kai kuwa murya ka ji, tafiya ka gani.

Hadisin hana namiji kamanceceniya da mace sahihi ne, ba na sassauta shi. Sai dai Imam Nawawi (ya rasu 676H) a sharhin Muslim ya raba biyu: wanda aka halitta da laushin magana da motsi, wannan babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙira da gangan. Yaron shagonka ya san ko wanne ne ya shigo? Wallahi bai sani ba. Ni ma da nake rubutun nan ban sani ba.

Ko wanda aka fitar daga Madina saboda ya siffanta jikin wata mace a gaban maza, Abu Dawud ya kawo cewa duk Juma'a yana shigowa neman abinci. Ba a rufe masa hanyar ci ba. Wani kuma da aka kawo da lalle a hannu da ƙafa, aka nemi izinin kashe shi, Annabi (SAW) ya hana saboda yana sallah.

Izgili kuwa, Suratul Hujurat aya ta 11 ta haramta shi ƙarara, ba ta ware kowa ba.

Na ce wa mai shagon ya sa a goge bidiyon tun kafin ya hau TikTok. Ya ce ai yaron ya riga ya tura wa abokansa.