Usur Ɗin a Hannun Wa Yake?



Akwai maganar da ke yawo a majalisunmu, daga rumfunan Kasuwar Litinin har ƙofar masallaci: wai yara sun lalace, a sa su a kaki, a koya musu fareti, za su shiryu. Mu ma muna son kaki. Duk wanda ya ga 'yan agaji ranar Idi suna daidaita sahu, suna tsallakar da tsoho titi, ya san alheri ne. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Yaron da aka horar ya ƙame da jin usur, kirki aka koya masa, ko bin mai usur?

Abin ba namu ba ne mu kaɗai. Wani sojan Ingila, Baden-Powell, shi ya ƙirƙiro sikawut a 1907, ta iso Najeriya a 1915. Daga baya ƙungiyoyinmu na addini, Jama'atu da Fityanul Islam da Izala, kowacce ta kafa rundunar agajinta, da kakinta da hularta.

Amma labarin da ya fi kamata mu ji shi ne na ƙasar Sin, can inda 'yan uwanmu ke zuwa saro kaya. Sikawut ta fara can a 1912, a wata makarantar mishan a garin Wuchang: ɗaurin igiya, ɗaure rauni, kwana a daji, taimakon wanda ba ka sani ba. Tun daga 1926 jam'iyyar Kuomintang ta jawo ta jikinta, har shugabanta Chiang Kai-shek ya zama shi ne shugaban sikawut na ƙasa. Ba za mu ce yaran ba su yi abin kirki ba. A yaƙin Japan na 1937 sun ɗauki masu rauni a Shanghai. To amma da Kwaminis suka karɓi mulki a 1949, sai suka ɗauke ta a matsayin kayan abokan gaba. Aka daina ta a babban yankin ƙasar, aka maye gurbinta da ƙungiyar yara ta jam'iyya, masu jan ƙyalle a wuya. Ta rage a Taiwan da Hong Kong. Yaran dai yara ne, sahu sahu ne. Usur ne ya canza hannu.

Mu 'yan Maiduguri ba ma buƙatar a yi mana tafsirin wannan. Mun ga 'yan Ecomog a bayan motocin 'yan siyasa. Mun ga abin da ya faru a 2009 da abin da ya biyo baya, Allah kada Ya maimaita mana. A yi haƙuri mu faɗi abin da ba a son ji: samarin da aka kwashe zuwa daji ba rashin biyayya ne ya kai su ba. Biyayya ce ta yi musu yawa, irin wadda ba ta tambaya. Sannan a 2013 mun ga sa'anninsu sun ɗauki gora sun tsare gari. Jini ɗaya, unguwa ɗaya.

Wani zai ce: to Malam, a bar yara kowa ya bi ra'ayinsa ke nan? A'a. Wanda ya ga gobarar kasuwar nan a Fabrairun 2023, ko ambaliyar Alau a Satumban 2024, ya san ranar masifa ba ranar muhawara ba ce. Dole wani ya ce ku ja nan, a ja. Biyayya tana da muhalli. Amma malamanmu sun yi mata iyaka tun muna Islamiyya: tana cikin abin da yake ma'arufi, ba ta shiga saɓon Allah. Yaron da aka koya wa rabin farko aka ɓoye masa na biyu, wuƙa ce aka wasa aka ajiye a bakin hanya.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da mu, shi ne bangaranci. Ran ambaliya babu wanda ya tambayi aƙidar wanda ruwa zai ci kafin ya miƙa masa igiya. Me zai sa da ruwa ya janye ɗan agajin wannan masallaci ya ga tsoho ya faɗi a ƙofar wancan, ya tsaya duba launin kaki?

Saboda haka kafin uba ya biya kuɗin ɗinki, ya taka ya je filin horon da kansa, ya zauna ya saurara. Ya ji ko ana koya wa yaran tsayar da jini da kashe wuta, ko fareti ne kawai da kirari. Ya tambayi kwamandan gaba da gaba: in kakar zaɓe ta zo, wani mai kuɗi ya nemi aron yaran nan su raka shi kamfen, me za ka ce masa?