Wasiyya Ba Ta Kiran Mutuwa

Karatu: Ishaya 38:1-8



Damina biyu da suka wuce muka binne wani dattijon ikkilisiyarmu, mutum mai tsoron Allah, wanda ba ya fashin sujada. Ba a yi wata biyu ba sai ga matarsa a ƙofar gidana tana kuka. Ƙannen marigayin sun zo sun ce gonar da take nomawa ta gadon ubansu ce. Ita kuwa ta san mijinta ne ya saye ta, har tumakinta biyu ta sayar ta cika masa kuɗin. Amma babu takarda. Cikin mutum biyu da aka yi cinikin a gabansu, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi cin rani bai dawo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na taɓa ce wa dattijon nan ya rubuta abin da ya mallaka. Ya yi dariya ya ce, "Fasto, so kake ka kira mini mutuwa?" Ni ma na yi dariya, na bar maganar. Har yau ina ganin laifina.

Mutane da yawa haka suke tunani, wai in ka yi wasiyya kwananka ya ƙare. Ɗan'uwana, wannan camfi ne, ba koyarwar Maganar Allah ba. A karatunmu na yau, Allah da kansa ne ya aiki annabi Ishaya wurin sarki Hezekiya da umarni ya tsara al'amuran gidansa, domin ciwon da yake fama da shi na ajali ne. Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah kuwa ya ƙara masa shekara 15. Ka ga an yi maganar shirin gida a gabansa, bai kuwa mutu saboda ita ba. Ibrahim ma tun yana da rai ya raba dukiyarsa, ya ba Ishaku gādo, ya ba sauran 'ya'yansa kyautai ya sallame su (Farawa 25:5-7). Ya kai shekara 175 a duniya. Kwanakinmu suna hannun Allah. Alƙalami ba ya rage su, ƙin rubutu kuma ba ya ƙara su.

Wani zai ce, "Ai Allah shi ne uban marayu, in na tafi zai lura da su." Gaskiya ne, zai lura da su. Amma dubi Ubangijinmu a kan gicciye. Cikin wannan azaba bai manta da uwarsa ba, ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, tun daga ranar kuwa almajirin ya ɗauke ta zuwa gidansa (Yahaya 19:26-27). Wa ya fi Yesu bangaskiya ga Uba? Duk da haka ya faɗi da bakinsa wanda zai riƙe ta.

Ka lura kuma, Yesu ba shi da gona, ba shi da gida. Wannan amsa ce ga masu cewa wasiyya ta attajirai ce, su talakawa ba su da abin rubutawa. Zauna ka ƙirga. Ɗaki biyu da ka gina a cikin gidan gado. Awaki uku da ka ba wani kiwo a ƙauye. Gonar da ka ba da jingina, ba wanda ya san nawa ka karɓa. Keken ɗinki, adashen da ba ka kwasa ba, kuɗin da ke cikin wayarka wanda matarka ba ta ma san da shi ba. Da bashin da kake bi, da wanda ake binka. A shekarun da na yi cikin aikin nan, faɗan da na gani a kan ɗaki guda ya fi wanda na gani a kan manyan gidaje zafi, domin wanda aka hana ba shi da wani wurin zuwa. Fiye da duka kuwa akwai 'ya'yanka ƙanana. Wa zai riƙe su, ya ci gaba da kai su makaranta da sujada? Ka tambaye shi ya yarda?

"Iyalina ba za su yi faɗa ba," in ji wani. Allah ya sa. Amma a Luka 12:13 wani ya tare Yesu a tsakiyar taro a kan rikicin gādo da ɗan'uwansa. Su ma 'ya'yan gida ɗaya ne. Wanda yake da 'ya'ya mata kaɗai, shi ya fi kowa bukatar ya ji wannan. Ka karanta Littafin Ƙidaya sura 27, ka ga yadda Allah ya goyi bayan 'ya'ya mata biyar na Zelofehad, ya ce a ba su gādon ubansu. Kada ka bar naka su je suna roƙo a gaban baffanni.

Rubutu ba rashin yarda ba ne. Sa'ad da Irmiya ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan baffansa, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe (Irmiya 32). Da ɗan'uwansa ya yi cinikin, amma ya rubuta.

To, me za ka yi? Masu sauraronmu na Nijar, tun 1993 da aka kafa dokar karkara akwai kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, suna ba da takardar shaidar mallaka, ko ta saye, ko ta kyauta. Ka je ka yi wa gonarka takarda tun dattawan da suka san iyakarta suna da rai. Na Gana kuma, dokar wasiyya ta 1971 ta ce a rubuta, mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin lokaci guda. Kowace ƙasa da tsarinta, don haka ka nemi wanda ya san dokar wurinku ya duba maka. Kada shaidunka su zama cikin masu cin gādon. Kada kuma ka ji tsoro wai in ka rubuta ka ɗaure kanka. Muddin kana da rai da hankalinka, kana iya sakewa in an haifa maka wani yaro ko ka sayar da wani abu.

Ka fara da matarka, yau da dare bayan addu'ar iyali. Ke ma 'yar'uwa, in kina da dabbobi ko fili, maganar nan taki ce. Gwauruwar da na ba ku labarinta har yanzu tana noma gonar aro, maganar kuma tana gaban mai gari.

Addu'a: Ya Uba, ka tsaya wa gwauraye da marayun da ake jayayya da su a kan gādo. Ka cire mana tsoro, ka ba mu zuciyar zama da iyalanmu mu yi wannan magana cikin salama. Cikin sunan Yesu, Amin.