Idan Bango Ya Tsage, Laifin Wa?

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, fili ya yi daraja, haya ta tashi. Da rikicin Borno da Yobe ya koro jama'a nan, sai abin ya ƙaru. Mu nan Herwagana, duk wanda ya ɗan samu, tunaninsa ya rushe tsohon ginin ƙasa ya tayar da shaguna ko ɗakunan haya. To, kuma kowace majalisa ka zauna, kukan ɗaya ne: magina ba su da amana.

Gaskiya akwai marasa amanar. Mun san mai karɓar kuɗin rodi mai kauri ya sa siriri a linta, mun san mai jan buhun siminti ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙima, bulon da in ka murza da yatsa sai ya zube. Ga Ashaka nan cikin jiharmu, amma wani ginin kamar ƙanshin simintin kawai aka nuna masa. Malaman Malikiyya tun da can sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka danƙa masa, don sun san hali.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaya muke ba da jinga? Mu kira mutum uku, mu ɗauki wanda ya fi karya farashi, alhali mun san kuɗin da ya faɗa ko kayan aikin ba za su saya ba. A ina muke zaton zai cike giɓin? Ba daga aljihunsa ba, wallahi. Daga fandisho zai cire, wurin da ido ba ya gani, a garin da ruwan sama ke yanka kwazazzabai yana cin gidaje. Sannan mu riƙe masa cikon kuɗi wata biyu, leburorinsa na tsaye a ƙofar gidansa.

Abin da ya fi damunmu shi ne, a wannan cinikin akwai mutum na uku da ba a shawarta da shi: ɗan haya. Mai gida ya samu araha, magini ya samu rararsa, wanda zai kwana ƙarƙashin rufin da 'ya'yansa bai san komai ba.

Dattawanmu ba sa tambayar magini nawa zai karɓa sai sun je sun ga ginin da ya yi shekaru biyar baya, sun ji ta bakin mai shi. A rubuta komai gaban shaidu, har kaurin rodi. A biya mataki-mataki, fandisho, linta, rufi, kuma ranar da aka ce, ba washegari ba. Ranar zuba kankare kuwa, ko kasuwa ce ta ci, mai gida ya rufe shago ya zo ya tsaya.