Tsohon Da Ya Rikice A Salla, Akwai Laifi A Kansa?

A gidaje da yawa akwai dattijon da ya shekara hamsin bai rasa sahun farko ba, yau kuwa sai ya yi Azahar sau uku, ko ya riƙa cigiyar mahaifiyarsa wadda ta rasu tun zamanin Turawa. Wasu 'ya'yan sukan daka masa tsawa. In tsohuwa ce, wa'iyazu billahi, har a ce mayya ce.

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na taklifi. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kamar yaro da mai barci. To, amma ina iyakar? Nan wuyar take, domin gigin tsufa ba dare ɗaya yake sauka ba. Tun 1906 likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana lalacewar da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata mai wannan ciwo. Yau masana sukan auna shi: su tambayi tsoho ranar da ake ciki, su faɗa masa kalmomi uku ya maimaita bayan 'yan mintoci. Wani lokaci a tarar ashe ciwon damuwa ne, ko ƙarancin bitamin B12, waɗanda duk suna da magani.

Ni dai a ganina, tambayar Lahira ta koma kan ɗan da ya ƙi kai uba a duba shi don gudun surutun unguwa. Shi kuwa tsoho, in ya sake tayar da kabbara, a shimfiɗa masa buzunsa. Wallahu a'alamu.