Ƙwayar Cutar Tumbi da Mas'alar Sababi

Har zuwa farkon shekarun 1980, akasarin likitoci sun tafi a kan cewa gyambon ciki, wanda jama'a suka fi sani da olsa, yana faruwa ne saboda damuwa da yawan ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa, kuma babu wata halitta da za ta iya rayuwa a cikin wannan tsami. A shekarar 1982 ne likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raini wata murɗaɗɗiyar ƙwayar bakteriya daga tumbin majinyata, wadda daga baya aka raɗa wa suna Helicobacter pylori. Ƙwayar tana kutsawa cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi, tana fitar da sinadarin da ke samar da amoniya, wanda ke kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita. Da aka ƙi gaskata su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 har tumbinsa ya kumbura, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Galibi ana kamuwa da ita tun ana yara, a cikin gida, ta hanyar yawu da gurɓataccen ruwa ko abinci, musamman inda cunkoso ya yi yawa kuma tsaftataccen ruwa ya yi ƙaranci. An ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, amma mafi yawansu ba sa jin ciwon komai har ƙarshen rayuwarsu. Kimanin ɗaya cikin goma ne, ko sama da haka kaɗan, ke samun gyambo, waɗanda ke kaiwa ga sankarar tumbi kuwa sun fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Wani likita mai suna Holcombe, wanda ya yi bincike a Maiduguri, ya bayyana a 1992 cewa ƙwayar ta yi katutu a yankin tun daga ƙuruciya, alhali cututtukan da ake jingina mata ba su kai yadda ake zato ba, ko da yake wasu masana sun ce ƙarancin kayan bincike ne ya ɓoye adadin.

A nan ne tsohuwar mas'alar malaman tauhidi take tasowa, wato dangantakar sababi, abin da ake ganin yana haifar da wani abu, da musabbabi, abin da aka haifar. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a littafinsa Tahafutul Falasifa cewa haɗuwar wuta da auduga ba ita ke wajabta ƙuna ba, Allah ne yake halittar ƙunar a yayin haɗuwar bisa al'adar da Ya gudanar, kuma wannan ita ce fahimtar Ash'ariyya da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba ya mayar masa da martani cewa musun tasirin sabubba rushe ilimi ne gaba ɗaya. Lamarin wannan ƙwaya yana nuna cewa kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, domin samuwarta ba ta tilasta ciwo, amma kashe ta yana hana gyambo dawowa ga mafi yawan waɗanda aka yi wa magani, kuma al'adar da ta tabbata haka ta isa a gina hukunci a kanta.

Abin takaici shi ne yaro ne ke ɗaukar nauyin kuskuren fahimtar manya. Uban da ya ga ɗansa yana ramewa, yana amai a kai a kai, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ko jininsa ya yi ƙasa, sannan ya ce ƙaddara ce ya naɗe hannu, ya jingina wa tawakkali abin da ba nasa ba, tunda neman magani shi ma cikin ƙaddarar yake, yaron kuma amana ne da ba ya iya kai kansa asibiti. Sai dai akwai kuskure na biyu da ba a cika lura da shi ba, wato ɗaukar kowane ciwon ciki ko ƙwarnafi na matashi a matsayin aikin ƙwayar, a garzaya kemis a sayo magunguna. Ƙungiyoyin likitocin yara na Turai da Arewacin Amurka sun yi gargaɗi cewa kada a gwada yaro a ba shi magani don kawai yana yawan kukan ciki ba tare da alamun haɗari ba, saboda ana iya samun ƙwayar a jikinsa alhali ciwon daga wani wuri yake. Maganin kansa ba ƙaramin abu ba ne: nau'i biyu na magungunan kashe bakteriya tare da mai rage tsami, na kimanin kwana 14, sannan a sake gwajin bayan gida ko na numfashi bayan aƙalla mako huɗu, kuma shan su barkatai ko yanke su a tsakiya yana sa ƙwayar ta daina jin magani, ta wahalar da yaron da sauran mutanen gidan.