Ina Wa'azin Ranar Lahadi Ya Tafi?

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:6-9, Yohanna 14:26

Ranar Lahadi ka ɗaga hannu ka ce "Amin!" da ƙarfi. Yau Laraba, in na tambaye ka kan wa'azin, za ka iya faɗa? Da yawanmu sai sosa ƙeya. Kada ka yi saurin ɗora wa Shaiɗan laifi duka.

Wani masani a Amurka, Eric Kandel, ya shafe shekaru yana nazarin wata katantanwar teku mai suna Aplysia, har ya sami lambar yabo ta Nobel a 2000. Ya ga in aka ɗan girgiza ta da lantarki sau ɗaya, takan tuna na 'yan mintoci kawai. Mahaɗar jijiyoyinta ta yi ƙarfi na ɗan lokaci, sa'an nan ta koma yadda take. Amma in aka maimaita sau huɗu ko biyar, ana ba da tazara a tsakani, sai saƙo ya kai har tsakiyar ƙwayar jijiyar. Can wani furotin da ake kira CREB yakan kunna ƙwayoyin gado, a ƙera sababbin furotin, jijiyar ta tsiro da sababbin mahaɗai. Daga nan tunawar takan kai kwanaki. In aka hana ƙera furotin ɗin, tunawar ɗan lokaci tana nan, mai daɗewa kuwa ba ta kafuwa. Haka ƙwaƙwalwarka take aiki, ɗan'uwa.

Shi ya sa Musa bai ce a ji dokar sau ɗaya a tashi ba. Ya sa a yi zancenta a gida da kan hanya, safe da dare, a koya wa yara.

Ga abin da yake ba ni tsoro: jijiya ba ta zaɓe. Maganar da surukarka ta yaɓa maka shekara uku da suka wuce, kana juya ta kowane dare kafin barci. Ka gina mata gida da kanka. Ayar Lahadi kuwa sau ɗaya ta shiga kunnenka. Yesu ya yi alkawari Ruhu Mai Tsarki zai tuna mana da koyarwarsa, amma me ka ajiye da zai tuna maka?

Ɗauki aya ɗaya yau. Faɗe ta da asuba, da rana, da lokacin kwanciya, har kwana bakwai.

Addu'a: Ya Uba, ka karɓi ɓacin ran da nake reno, ka dasa Maganarka a wurinsa, cikin sunan Yesu. Amin.